Firinta mai tawada ko leza: yadda ake zaɓe a ƙasar ƙura da ɗaukewar wuta

Yayata malamar makaranta ce a nan Tawa. Wata shekara ta gaji da kai takardun jarrabawa wurin masu fotokofi, sai ta ba wani mai tafiya Yamai saƙo ya sayo mata firinta, mafi araha da ya samu. Daga Afrilu zuwa Yuni aiki ya yi kyau. Da aka yi babban hutu ta lulluɓe ta da zane ta ɗora bisa kabad. Ranar da aka koma makaranta a Oktoba sai ga kiranta: "Kai, zo ka ga abin nan, takarda tana shiga fara tana fitowa fara." Na je na buɗe, tawada ta bushe ƙamas a bakin katush, wato ɗan akwatin da tawadar ke ciki, kamar kunun da ya kwana a ludayi. Da muka tambayi kuɗin sabbin katush biyu, baƙi da mai launi, ya kusa kamo kuɗin injin ɗungurungum. Na ce, "Yaya, ai da kin tambaye ni kafin ki ba da saƙon." Ta ce, "To ai ga ka nan yanzu, sai ka yi bayani."

Bayanin da na yi mata shi ne wannan, sai dai na ƙara masa abin da mai biro da mai shagon buga takardu za su buƙata.

Kafin komai, ka san yadda kowace take aiki, don daga nan ne duk halinta ya fito. Mai tawada, wadda ake rubuta wa inkjet ko jet d'encre a kwali, ruwan tawada take fesawa ta wasu ƙofofi da suka fi gashin kai siranta. Ruwa kuwa yana bushewa, balle a iskar hunturu. Leza ba ta san ruwa ba. Wani gari ne mai laushi a cikinta da ake kira tona, haske ya zana rubutun a jikin wani gangan ƙarfe mai juyawa, garin ya manne a inda aka zana, ya sauka bisa takarda, sannan takardar ta bi ta cikin abin gashi mai zafin da ya kusa digiri 200 ya narkar da garin ya like. Shi ya sa takardar leza ke fitowa da ɗumi. Ke nan abokin gabar mai tawada zaman banza, abokin gabar leza raunin wuta. Duk sauran matakan a kan waɗannan biyu suke tsaye.

Mataki na farko: ƙirga kwanakin da ba ka bugawa

Kowa yana tambayar kansa shafi nawa zai buga a wata. Tambaya ce mai kyau, amma a ƙasar nan akwai wadda ta riga ta: kwana nawa injin zai yi a kwance ba a taɓa shi ba? Ka ɗauki takarda ka tuna wata ukun da suka wuce. Sau nawa ka je aka buga maka abu, shafi nawa, kuma tazarar kwana nawa tsakanin zuwa da zuwa? Kada ka rubuta abin da kake fatan yi, rubuta abin da ka yi.

In ka ga kana yin sati biyu, uku, wani lokaci wata guda ba ka buga komai ba, sannan rana ɗaya ka tashi da shafi hamsin, to leza ce taka. Tona yana iya kwana wata da watanni a cikin inji, ka kunna ya buga kamar jiya aka ajiye. Malamin makaranta mai hutun wata uku, ɗan kasuwa mai yawan tafiya, gidan da ba a tunawa da firinta sai lokacin haɗa takardun BEPC ko BAC, duk nan suka faɗo. In kuwa kusan kullum sai ka buga wani abu, ko da shafi biyu ne, mai tawada za ta zauna da kai lafiya, don aikin ne ke hana ta toshewa.

Akwai kuma wanda lissafin zai nuna masa bai buƙatar firinta sam. Wanda duk wata shafi goma ne aikinsa, kuma ga mai fotokofi a bakin layinsu, ya riƙe kuɗinsa.

Mataki na biyu: launi, da gaske kana buƙatarsa?

Nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Wasiƙa, rasit, takardar jarrabawa, kundin kammala karatu na ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani, kwangila, jerin albashi, kusan duk baƙi da fari ne. In launin da kake buƙata bai wuce bangon rahoto sau biyu a shekara ba, sayi leza baƙa, ranar launi ka kai waje a buga maka.

Amma in sana'arka ta rataya ga launi, katin ɗaurin aure da na suna, hoton fasfo, takardar yabo, tallar shago, to mai tawada ce, ba gardama. A kan takardar hoto mai sheƙi leza ba ta kama ƙafarta. Masu hoto ma sukan nemi mai launi shida, irin Epson L805 ko L8050 da ta biyo bayanta, don fatar fuska ta fito da kyau.

Leza mai launi fa? Tana nan, tana da sauri, rubutunta tsaf. Sai dai tona huɗu take ci, baƙi, shuɗi, ja-ja da rawaya, kuma ranar da suka ƙare tare za ka san ka sayi abu. Ni ban cika ba wa ƙaramin biro shawararta ba, sai ma'aikatar da ke da kasafin kayan aiki duk shekara.

Abu guda da ake mantawa: ruwa. Tawadar launi ta yawancin ƙananan injina rini ce, ɗigon ruwa ko gumin hannu yana watsa ta. Takardar da za ta shiga aljihu a bazara, ko ta yi shekaru a fayil, ta fi aminci da leza. Akwai tawadar da ba ta saurin wankewa, wadda ake rubuta wa pigment a kwalba, kamar baƙar Canon GI-490. In takardunka masu yawo ne ka tambayi wannan.

Mataki na uku: duba wutar da za ka ba ta

Wannan matakin ba za ka same shi a tallar kamfani ba, amma a Yamai da Tawa shi ne kan gaba, musamman daga Maris zuwa Yuni lokacin da kuran ke zuwa yana komawa.

Ƙaramar mai tawada, irin Epson L3250, wat 12 ko kusa da haka take ci tana bugawa. Bai kai fanka ba. Panno ɗaya da batir, ko ƙaramin ondular, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, sun ishe ta. Ƙaramar leza kuwa tana cin wat 300 zuwa 400 tana aiki, kuma a daidai lokacin da take ɗumama abin gashinta tana iya fizgar kusan wat 900. Ka lura a shagon da wayar wutarsa ba ta da ƙarfi, da an aika bugu sai ƙwan fitila ya yi ƙifta. Wannan fizgar ce. Saboda haka kada ka jona leza a ƙaramin ondular na kwamfuta. Zai yi ta kuka, ya kashe maka kwamfutar a tsakiyar aiki, ko ya mutu gaba ɗaya. Leza a bango ake jona ta, ta hanyar regilatar, na'urar daidaita ƙarfin wuta, mai ƙarfin da ya ninka abin da take ci, irin mai jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci bayan an dawo da ita, don dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna.

To ka tambayi kanka: in aka ɗauke kuran da ƙarfe goma na safe, ga mutane a tsaye suna jira, da me zan buga? Mai gurup, wato janareta, mai ƙarfi ba ruwansa. Wanda ke kan sola ƙarama, ko yake ƙauye inda layin NIGELEC bai kai ba, ya manta da leza ko da lissafin mataki na farko ya nuna ta. Gare shi akwai mai tanki baƙa zalla, jerin Epson M irin M1120, mai tawadar da ba ta saurin wankewa.

Sannan ka juya bayan injin ka karanta ƙaramar takardar da ke manne. Wutarmu 220 ce. Leza da aka ƙera don Amurka 110 take sha, kuma ba ta daidaita kanta kamar cajar waya. Jonawa ɗaya, ƙara ɗaya, sai warin ƙuna. In ɗan'uwa zai aiko maka daga can, ka ce ya aiko kuɗin.

Mataki na huɗu: lissafin shafi ɗaya

Araha ba ta ado. Masu ƙera firinta sun daɗe da gane cewa ribar tana cikin tawada, shi ya sa wani injin yake kamar kyauta. Kafin ka tambayi kuɗin inji, tambayi abu biyu: nawa ne abincinsa, kuma shafi nawa yake bugawa. Sai ka raba.

Masu tawada iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin tawada da leza. Akwai mai katush, irin wadda yayata ta saya. Baƙin katush na HP 123 ko 305, alal misali, shafi 120 kamfanin ya rubuta masa, mai launi 100. Akwai mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba, Epson EcoTank, Canon PIXMA G, HP Smart Tank. Kwalbar Epson 103 baƙa, mililita 65, shafi 4,500 aka rubuta mata, saitin launuka uku 7,500. Baƙar Canon GI-490 shafi 6,000. A ɓangaren leza, tona 85A na HP LaserJet P1102 shafi 1,600, haka 725 na Canon LBP6030. Tsohon 12A na LaserJet 1020 shafi 2,000. Na HP Laser 107 shafi 1,000.

Farashi yana motsi, don haka ga misali kawai, kai ka sa kuɗin da aka gaya maka. A ce katush jika goma ne: 10,000 a raba 120, shafi ɗaya ya haura sefa 80, ban da takarda. A ce tona jika ashirin: a raba 1,600, sefa 12 da rabi. A ce kwalba jika takwas: a raba 4,500, bai cika sefa 2 ba. Ka ga bugun mai katush yana iya fin zuwa bakin titi tsada, alhali injin nasa ne. Ni a ganina mai katush ba ta da gurbi a gidan da ake lissafi, sai dai wanda aka ba kyauta.

Waɗannan adadin an auna su ne da shafi mai rubutu kaɗan, wajen kashi 5 cikin 100 na farfajiyar takarda. In kana kwafar katin ɗan ƙasa, ko takarda mai tambari da baƙin zane, ka rage sosai. Mai tanki kuma tana shan wani kaso na tawadarta wajen wanke kanta. Kuma tonan da ke zuwa cikin sabuwar leza galibi na somin-taɓi ne, ba cikakke ba, don haka ka ware kuɗin na biyu tun ranar saye.

Kowace tana da wani kashin kuɗi da ke ɓoye. A mai tanki akwai soson da ke tsotse tawadar wanki. Injin yana ƙirga, ranar da ƙirgar ta cika sai ya tsaya cak yana ƙifta fitila har a canza soson a sake saita shi. Akwai kuma kan da ke fesa tawada: a jerin Canon G2410 da G3410 kai da kanka za ka cire ka sa sabo, a Epson kuwa a dashe yake, yana daɗewa amma in ya mutu aikin mai gyara ne. A leza, HP da Canon ƙanana suna haɗa ganga da tona a katush ɗaya, Brother kuma tana raba su, tona daban, ganga daban wadda ake canzawa bayan shafi wajen 12,000.

Mataki na biyar: nemi abincin kafin injin

Ka zaɓi samfuri biyu ko uku, ka rubuta lambar tona ko tawadarsu, ka shiga kasuwa neman ita, ba injin ba. In kana Yamai ka zaga shaguna uku ko huɗu wajen Babbar Kasuwa. In a Tawa kake, ka fara dubawa a Tawa, don injin da sai an yi saƙon abincinsa daga tafiyar fiye da kilomita 500 zai riƙa yin azumin dole. Dalilin da ya sa masu sekretariya suke riƙe da tsofaffin LaserJet 1020 da P1102 da Canon LBP2900 ke nan: tonansu yana ko'ina, ana ɗura musu gari, kuma duk mai gyara ya san cikinsu.

Ga wani tarko. Katush na mai tawada yana da yanki. HP DeskJet 2130 da aka sayar a Faransa 302 take karɓa, wadda aka kawo kasuwar Afirka 123, ta Amurka 63. Inji ɗaya, kamanni ɗaya, amma ta ƙi na wani yankin. Wanda ya zo da tsaraba daga Turai ya duba lambar da ke cikin murfin kafin ya sayi katush.

Maganar tona na asali da na kwaikwayo, kowa da aljihunsa. Na kwaikwayo mai kyau yana aiki, maras kyau yana zubar da gari ya ɓata ganga. Abin da ba a yarda ba shi ne a sayar maka da na kwaikwayo a kuɗin na asali, don haka ka duba hatimin kwali. Ka kuma sani, tun 2016 HP ta fara sa wa wasu injinanta tsarin da ke iya ƙin katush mai guntun lantarkin da ba nata ba bayan an sabunta manhaja. In da na kwaikwayo za ka rayu, ka tambayi mai shago ko samfurin yana cikinsu.

Mataki na shida: haruffan ƙarshen suna

Wannan gajere ne. A yawancin leza, w na nufin tana da Wi-Fi, d tana buga gaba da baya da kanta, n tana shiga layin kwamfutocin biro. HP 107a ba ta jin waya, 107w tana ji. Epson L3210 sai da igiya, L3250 daga waya ma ana aika mata. Tunda yanzu rabin takardun mutane ta WhatsApp suke zuwa, ɗan ƙarin kuɗin w ya cancanta. In za ka riƙa kwafa da sikan, ɗauki mai gilashi a sama. In kwafar ta fayil-fayil ce, nemi mai jan takardu da kanta, in ba haka ba za ka wuni kana ɗaga murfi.

Mataki na bakwai: a shago

Je da kwamfutarka ko wayarka, da takardarka a kile na USB. Kada ka yarda da shafin gwajin da mai shago ya tanada. Sabuwa ce, ka nemi rasit mai lambar injin da tsawon garanti a rubuce, ka tabbatar igiyar USB na ciki, don sau da yawa ba ta zuwa a kwali.

Ta hannu ce, to a nan leza ta fi aminci nesa ba kusa ba. Ka ce, "Alhaji, a fitar min da shafin bayanin injin," a nan za ka ga jimillar shafukan da ta taɓa bugawa. Sai a buga shafi ashirin a jere. Ka saurari ƙara, ka ga ko tana jan takarda biyu-biyu. Ka murza rubutun da yatsa: in ya goge, abin gashi ya gaji. Baƙin layi daga sama har ƙasa, ko tabo mai maimaituwa a tazara ɗaya, ganga ce. Mai tawada ta hannu kuwa sai an buga gwajin ƙofofi a gabanka, wasu siraran layuka masu kama da matakala a kowane launi. In ka ga giɓi, a wanke sau ɗaya a sake. Bai cike ba, ka yi sallama.

Mai tafiya da ita Tawa, ta Dosso da Dogonduci da Ƙwanni, kada ya bari a ɗura wa mai tanki tawada a Yamai in sabuwa ce, sai ya isa. In dole an gwada ta, a ɗauke ta a zaune yadda take, ba a kifa ba, ba a jingine ba. Tona kuma kada ya hau saman mota cikin rana, zafi yana dunƙule garin.

Mataki na takwas: makon farko da bayansa

Ranar da za ka kunna sabuwar mai tanki, tana ɗaukar minti goma zuwa ashirin tana jan tawada cikin jijiyoyinta. Kada wuta ta yanke a wannan lokacin, don haka jona ta a ondular ko batir tukuna. Daga nan ka riƙe ƙa'ida biyu. Ka kashe ta da maɓallinta, kada ka zare waya daga bango, don sai ta maɓalli ne kan yake komawa mazauninsa ya rufe bakinsa. In kuran ya tafi tana tsakiyar bugu, da ya dawo ka kunna ta ta koma wurinta. Ta biyu, duk mako ka buga shafi ɗaya mai ɗauke da dukkan launuka. Ka ɗaure shi da wata rana da ba ka mantawa, kamar safiyar Juma'a. In za ka yi tafiya, ka bar wa wani wannan amanar. Kuma kada ka bari tawada ta sauka ƙasa da layin tanki, iska ta shiga.

Littattafan injinan nan galibi a digiri 30 zuwa 35 suke tsayar da zafin ɗakin aiki, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40. Ka nisanta ta daga taga da bangon da rana ke duka, babban aiki ka yi shi da safe, leza kuma ka bar mata sarari ta baya ta sha iska. Ƙura ita ce ke sa robar jan takarda santsi har ta riƙa zamewa. Tsumma mai ɗan danshi, ka goge robar, ka bari ta bushe. In an tashi aiki a rufe inji da zane, amma leza sai ta huce. Takarda A4 mai giram 80 ita ce daidai, ka bar ragowar ram a ledarta, don a damina tana shan danshi ta lanƙwashe, a hunturu kuma ta manne da juna, sai ka kaɗa ta kamar karta kafin ka zuba.

In rubutun leza ya fara dusashewa ta gefe ɗaya, ciro katush ka jijjiga shi a hankali hagu da dama, zai ƙara maka wasu shafuka. Kada ka taɓa gangar da hannu, kada ka bar ta a haske. In gari ya zuba a riga, ka kakkaɓe ka wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi narkar da shi yake yi ya zauna daram.

Yaya dai ƙaramar leza baƙa muka saya mata, mai w a ƙarshe, da regilatar. Tsohuwar tana nan bisa kabad, gilashinta na sama yana sikan har yanzu, da shi take tura takardun ɗalibai.